Daga Ohayo: Amsoshin Tambayoyinku Kan Ƙuri'ar Raba Gardama

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, kuma na san dalili. Ranar Talata 3 ga Nuwamba 2026 Amurka za ta yi zaɓen rabin wa'adi, inda za a zaɓi duka 'yan majalisar wakilai 435, da kusan kashi ɗaya bisa uku na dattawa, da gwamnoni a jihohi 36. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinku shi ne tambayoyin "e ko a'a" da ake bugawa a ƙasan takardar ƙuri'a. Na zaɓi wasiƙu biyar.

TAMBAYA: Malam, na ji a rediyo cewa a Amurka ranar zaɓe ba mutane kaɗai ake zaɓa ba, har da dokoki. To ina aikin majalisa ke nan? Kuma shugaban ƙasa ne ke kawo waɗannan tambayoyi? Daga wani malamin sakandare a Zariya.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Shugaban ƙasa ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Amurka a matsayinta na ƙasa ba ta yin ƙuri'ar raba gardama, tsarin mulkin tarayya bai tanadi hakan ba. Harkar jihohi ce da ƙananan hukumomi, kuma kowace jiha da kalar tata.

Hanya biyu tambaya ke bi ta hau takarda. Ta farko, majalisar dokokin jiha ce ke miƙa wa jama'a, musamman idan tana son taɓa kundin tsarin mulkin jihar. Kowace jiha tana da kundinta, kuma in ban da Delaware, babu majalisar da ke iya sauya shi sai masu zaɓe sun amince. Hanya ta biyu ita ce wadda ta ba ka mamaki: jama'a da kansu su rubuta doka, su tara sa hannu, su tsallake majalisa da gwamna gaba ɗaya. Wannan kusan rabin jihohi ne kawai suke da ita. Dakota ta Kudu ce ta fara a 1898, Oregon ta biyo a 1902, Kalifoniya a 1911. A Kalifoniya dalilin a fili yake: wani kamfanin jirgin ƙasa, Southern Pacific, ya riƙe 'yan majalisa a aljihunsa, sai gwamna Hiram Johnson ya jagoranci buɗe wa jama'a ƙofar baya. Ohayo, inda nake zaune, ta samu tata a 1912.

Yadda na fara cin karo da abin, wata Asabar ce a ƙofar babban kantin da muke cefane a Kolombas. Wata dattijuwa ce tsaye a rana, da allon rubutu a hannu, an ɗaure biro da zare a jikinsa. Ta tambaye ni ko ina da rajistar zaɓe, da gundumar da nake. Da na ce Franklin, sai ta buɗe wani shafi daban, domin ba a cakuɗa sa hannun gunduma biyu a takarda ɗaya. Na ce sai na karanta. Ta miƙo mini cikakken rubutun dokar, ta koma kan wani mutum, ta bar ni tsaye da madarata tana ɗumi a cikin leda. Na tambaye ta nawa suke nema. Sama da 413,000, wato kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, kuma dole su fito daga aƙalla gundumomi 44 cikin 88 na jihar, a miƙa su a farkon Yuli. Daga nan hukumar zaɓen kowace gunduma ta zauna ta gwada kowane suna da rajista. Wanda ya ƙaura bai sanar ba, ko ya rubuta adireshin da bai dace ba, a soke. Shi ya sa masu tarawa ke neman ninki, don sun san da yawa za su zube.

Ka tambayi ina aikin majalisa. Tana nan, ita ke yin mafi yawan dokoki. Wannan hanya ta ranar da majalisa ta toshe kunne ce. Dubi Fulorida a 2020. Majalisar jihar, wadda ke hannun 'yan Republican, ba ta da niyyar ƙara mafi ƙarancin albashi. Jama'a suka kai maganar kan takarda, kusan kashi 61 suka ce a riƙa ƙara shi har ya kai dala 15 a awa. A wannan rana kuma, a wannan takarda, Donald Trump ya ci jihar. Wato dubban mutane sun dangwala wa jam'iyyarsu a sama, suka saɓa mata a ƙasa. Da ɗan takara kawai aka ba su, da ba wanda zai taɓa sanin wannan ra'ayi nasu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Mishigan. Kwana biyu bayan zaɓen 2016, wata matashiya mai suna Katie Fahey ta rubuta a Facebook cewa tana son a yaƙi yadda 'yan siyasa ke shata wa kansu iyakokin mazaɓu, ta tambayi wa zai taya ta. 'Yan sa-kai suka tara sa hannu sama da 400,000. A 2018 kashi 61 suka amince, aka ƙwace aikin daga majalisa aka ba wani kwamiti na talakawa 13: huɗu daga kowace babbar jam'iyya, biyar marasa jam'iyya. Babu majalisar da za ta yi wa kanta wannan. Kura ba ta mayar da ajiyar nama don an roƙe ta.

Kuma ba manyan al'amura kaɗai ba ne. A nan Ohayo, idan hukumar makarantun unguwarmu ko ɗakin karatu na son ƙarin harajin gidaje, sai ta zo ta tambaye mu. A 2024 mutanen yankin Kolombas suka amince a ƙara musu harajin sayayya domin a faɗaɗa zirga-zirgar motocin safa. Na dangwala "e", don na san abin da jiran mota a tsakiyar Janairu yake nufi ga wanda ya tashi aikin dare.

TAMBAYA: Malam, in haka ne ai talakan Amurka ya huta. Duk abin da yake so sai ya rubuta ya kai. Me zai hana mu ma mu ɗauko? Daga wata Hajiya 'yar kasuwa a Kano.

AMSA: Ranki ya daɗe, bai huta ba, kuma a nan nake so in daɗe, don ba na son in sayar miki da kaya ban nuna miki inda ya yage ba.

Na farko kuɗi. Dattijuwar da na ba da labari 'yar sa-kai ce, amma yawancin masu tara sa hannu a yau haya ake ɗauko su, kamfanoni ne sukutum da wannan sana'a. Mai kuɗi ma yana iya bi ta ƙofar da aka buɗe don talaka. A 2020 a Kalifoniya, bayan majalisa ta yi dokar da za ta sa a ɗauki direbobin haya na manhaja a matsayin cikakkun ma'aikata, sai Uber da Lyft da DoorDash da abokansu suka rubuta tasu dokar, suka kashe sama da dala miliyan 200 wajen tallata ta, har a cikin manhajar da fasinja ke kiran mota. Ta ci da kusan kashi 59. A jihar da aka ƙirƙiro wannan hanya don karya ƙarfin kamfani ɗaya.

Na biyu, wanda ya tsara kalmomin tambaya yana da rabin nasara a hannunsa. Wannan na gani da idona a 2024. An kawo mana shawara irin ta Mishigan, kwamitin mutum 15 da ba 'yan siyasa ba, kuma wadda ke gaba a tafiyar tsohuwar babbar mai shari'ar jihar ce, Maureen O'Connor, 'yar Republican. Amma taƙaitaccen bayanin da aka buga a takardar ƙuri'a ya ce za a tilasta wa sabon kwamitin ya shata mazaɓu don fifita jam'iyyu, wato ainihin abin da masu shawarar suka ce sun zo hanawa. Suka kai ƙara, kotun ƙolin jiha ta bar mafi yawan kalmomin yadda suke. A layinmu, gida biyu da ke kallon juna sun kafa alluna a tsakar ciyawa. Wannan ya ce a dangwala "e" don a hana maguɗin shata mazaɓu, wancan ya ce a dangwala "a'a" don a hana maguɗin shata mazaɓu. Wani dattijo ɗan Somaliya da muke sallar Juma'a tare ya tare ni a bakin masallaci da samfurin takardar a wayarsa, ya ce, "Ɗan'uwa, ni dai ina son a daina maguɗin. Wanne zan taɓa?" Mun fi minti ashirin a tsaye muna karantawa. Shi ya samu wanda ya tambaya. Nawa ne suka shiga rumfa su kaɗai? Shawarar ta faɗi, kusan kashi 54 suka ce a'a. Ban ce kalmomin ne kaɗai suka kayar da ita ba, akwai masu adawa da ita tsakani da Allah. Amma har yau abin yana mini ciwo.

Na uku, cin ƙuri'a daban, aiwatarwa daban. A Mizuri a 2020 jama'a suka amince da kashi 53 a faɗaɗa inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Majalisa ta ƙi ware kuɗin. Sai da kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a Yulin 2021 kafin aka fara yi wa mutane rajista. A Fulorida a 2018 kusan kashi 65 suka ce a mayar wa waɗanda suka gama zaman kaso 'yancin zaɓe. Shekara na zagayowa majalisa ta ce sai mutum ya biya duk tara da kuɗin kotu da ake bin sa tukuna, alhali da yawansu ba su da halin biya.

Na huɗu, idan ƙofar ta dami masu mulki sai su nemi ƙuntata ta. Fulorida tun 2006 ta ce gyaran kundi sai ya samu kashi 60, kuma wannan ƙa'ida ita kanta da kusan kashi 58 ta wuce. Mu a Ohayo an gwada mana a 2023. Majalisa ta kira zaɓe na musamman ranar 8 ga Agusta, lokacin zafi da hutu da tafiye-tafiye, 'yan watanni bayan ita da kanta ta soke yawancin zaɓukan Agusta da hujjar ba a fitowa. Ana so a ɗaga ƙa'ida zuwa kashi 60, sa hannu kuma daga duka gundumomi 88. Na je zaɓen wuri a ofishin hukumar zaɓe da ke titin Morse, na tarar da layi ya fito har waje. Fiye da mutum miliyan 3 suka fito a faɗin jiha, kashi 57 suka ce a'a.

Hajiya, ga abin da ba zan ɓoye miki ba. Kowa ya san an kira wancan zaɓe ne don tare wata tambaya da ke tafe a Nuwamba, kan sanya 'yancin zubar da ciki a kundin jiha. A wancan Nuwamba na 2023 kuma akwai ta halatta tabar wiwi ga manya. Ni Musulmi ne, da abin da addinina ya koya mini na shiga rumfa, kuma duka biyun sun wuce da kusan kashi 57 ba da ƙuri'ata ba. Na kwana da baƙin ciki. Duk da haka a Agusta na ƙi yarda a ƙuntata ƙofar, na kuma san abin da hakan zai iya jawowa. Na yi ta juya maganar a raina kwanaki. Abin da na tsaya a kai shi ne, ƙofar da zan taya a rufe yau don ta kawo abin da na ƙi, ita ce zan nema gobe ranar da majalisa ta ƙi ƙara wa mai goge-goge albashi, kuma a ranar mabuɗin yana hannun 'yan majalisar. Wasu 'yan'uwa a masallacinmu sun saɓa mini, kuma ban raina hujjarsu ba. Duk mai son mu ɗauko wannan tsari, ya ɗauko shi da sanin cewa wata rana rinjaye zai faɗa ɓangaren da ba ya so.

TAMBAYA: Baba, kakana ya ce su ma sun taɓa yin irin wannan ƙuri'a a Mubi. Gaskiya ne? Kuma tsarin mulkin Najeriya ya yarda da ita yanzu? Daga wani ɗalibin jami'a.

AMSA: Ɗana, kakanka ya faɗi gaskiya, kuma ka zauna da shi ka ɗauki labarin a wayarka tun yana da rai. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'a a yankin Kamaru da ke ƙarƙashin riƙon Ingila. Mutanen arewacinsa, su Mubi da Gwoza da Bama da Ganye har tsaunin Mambila, kusan kashi 60 suka zaɓi Najeriya. Suka shigo ranar 1 ga Yuni 1961, aka kira yankin Lardin Sardauna. Na kudu suka zaɓi Kamaru. Ƙuri'ar kakanka ce ta sa katin shaidar da ke aljihunka na Najeriya ne. Sai kuma Yulin 1963, da aka yi ƙuri'ar da ta fitar da yankin Tsakiyar Yamma mai hedikwata a Benin daga Jihar Yamma.

Tun daga nan duk jihar da ka sani soja ne ya yanka ta da doka: yawan jihohi ya zama 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Katsina da Jigawa da Zamfara da Gombe duk a rediyo mutanensu suka ji labari.

Kundin 1999 ya ambaci ƙuri'ar jama'a a wurare kaɗan. Sashe na 8 ya ce kafin a ƙirƙiri sabuwar jiha sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha da ƙananan hukumomi sun nema, sannan kashi biyu bisa uku na mutanen yankin su amince a ƙuri'a, sannan rinjayen jihohi, sannan kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya. Ba a taɓa haye wannan tsani ba, saboda haka duk ɗan takarar da ya zo gabanin 2027 ya yi maka alkawarin sabuwar jiha, tambaye shi a wane mataki yake. Sashe na 69 da na 110 kuma su ne na kiranye: fiye da rabin masu rajista a mazaɓa su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'a. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018, kusan kashi 5 na masu rajista kawai aka iya tantancewa, magana ta mutu. Gwamna kuwa ba a yi masa kiranye, sai dai majalisa ta tsige shi. Gyaran kundin kansa, a Sashe na 9, tsakanin majalisar tarayya da majalisun jihohi 24 yake ƙarewa, ba a tambayar ka. Hanyar da jama'a za su rubuta doka su kai ta akwati, babu ita sam.

Maƙwabtanmu na Gana sun yi abin da muka kasa. Ranar 27 ga Disamba 2018 suka yi ƙuri'a a yankunan da ke neman rabuwa, da sharaɗin rabin masu rajista su fito, kashi 80 kuma su ce e. Jihohinsu suka tashi daga 10 zuwa 16 ba tare da an ji ƙarar bindiga ba.

TAMBAYA: Malam, mu a Nijar mun ɗanɗana wannan a 2009. Kada ka yaba mana abin da ya ƙone mu. Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, ka fi ni gaskiyar wannan, a jikinku aka yi. Marigayi Tandja Mamadou ya rushe majalisa, ya rushe kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya kira ƙuri'a ranar 4 ga Agusta 2009. 'Yan adawa suka ƙaurace, aka sanar da sama da kashi 92 sun amince da tazarce. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da shi. Suna ɗaya ne da abin da nake bayani, amma dubi wanda ya kawo tambayar. A can, mai mulki ne ya tambayi jama'a su ƙara masa mulki, shi ya rubuta tambayar, shi ya kawar da alƙalan da za su duba ta. Abin da nake karewa shi ne wanda ke tasowa daga ƙasa, da kotun da hukuncinta ke tsayawa ko da bai yi wa gwamna daɗi ba. In babu irin wannan kotu da hukumar zaɓen da aka yarda da ƙidayarta, ni ma ba zan ba da shawarar a kawo shi jihohinmu ba, don gwamna ne zai fara amfani da shi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan zangon Kumasi ne, ina Bronx a New York da takardar zama ta dindindin, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Matata ta zama. Zan iya dangwala wa waɗannan tambayoyi, tunda ba mutum ake zaɓa ba?

AMSA: A'a, ɗan'uwa, don Allah kada ka kusanci wannan. Takarda ɗaya ce, kuma ta 'yan ƙasa ce kaɗai. Wanda ba ɗan ƙasa ba idan ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a, laifi ne da zai iya hana shi zama ɗan ƙasa, har ya kai ga a kore shi daga ƙasar. Ko wani ya tare ka a bakin tashar jirgi ya ce ba komai, ka ce masa ba ka da rajista ka wuce. Haka ma takardar tara sa hannu.

Ita maiɗakinka kuwa ta tabbatar rajistarta na kan adireshin da kuke yanzu. New York ba ta cikin jihohin da jama'a ke kawo doka da kansu a matakin jiha, amma majalisa da birni suna kawo tambayoyi. Ta nemi samfurin takardar a shafin hukumar zaɓe tun da sauran mako biyu, ku karanta tare a gida da natsuwa, ta rubuta amsoshinta a 'yar takarda ta shiga da ita, an yarda da hakan. Kuma ka gaya mata idan ta gama da 'yan takara ta juya takardar, don a New York tambayoyin galibi a baya ake buga su.